Yadda Ake Jagorantar Gidauniyar Taimakon Mabuƙata a Ƙungiyar Addini

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin masallaci ko na wata ƙungiyar addini a Kaduna ya san mutanen garin nan ba marowata ba ne. Idan mutum ya tsaya a ƙofar Masallacin Sultan Bello ranar Juma'a, ko ya shiga Kasuwar Barci cikin azumi, zai ga hannu yana shiga aljihu ba tare da an roƙa sau biyu ba. Abin da ya sanyaya wa masu bayarwa gwiwa shi ne sun sha bayarwa ba su ji inda kuɗin ya kwana ba. Saboda haka wanda aka ɗora wa jagorancin gidauniya, kafin ya koyi roƙo, sai ya fara gina rumbun da za a zuba hatsin, irin wanda kowa zai iya leƙawa ya ga abin da ke ciki.

Matakin farko shi ne ka san waɗanda za a taimaka wa, da sunayensu da adadinsu. Kalmar “talakawa” ba ta isa a tara kuɗi a kanta ba, domin a Kaduna talaucin iri-iri ne: akwai tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri da suka durƙushe, akwai iyalan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa suka raɓe a gidajen 'yan'uwa a Rigasa, akwai kuma mazauna bakin kogi da ambaliya ke tasa da damina. Ka zaɓi rukuni ɗaya da buƙata ɗaya, sannan ka zagaya tare da mai unguwa da limami. Amma kada ka tsaya a kansu kaɗai. Malamar Islamiyya da ungozoma su ne ke shiga cikin gidaje, su suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, kuma sau da yawa matar da ta fi kowa buƙata ita ce wadda kunya ba za ta bar ta ta fito layi ba. A rubuta sunayen a littafi guda, a damƙa shi ga mutum biyu, kada ya zama abin yawo a waya.

Daga wannan littafi ne lissafi zai fito. A misali, idan gidaje 120 ne, kowane gida za a ba shi tiya 10 ta masara, ana buƙatar tiya 1,200, wato buhu 30 idan buhu yana cin tiya 40, sai a haɗa da kuɗin mota da na dako da na ƙananan buhunan da za a ƙulla. Attajirin da aka ce wa “buhu 30 muke nema, an samu 12” ya fi saurin cewa a rubuta masa biyar a kan wanda aka ce wa “a taimaka da abin da ya sawwaƙa”.

Na biyu, a daidaita takardu kafin a karɓi ko sisi. Ƙungiyar da ke son asusun banki da sunanta tana rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a matsayin amintattu, bisa dokar kamfanoni ta 2020, kuma cikin sharuɗɗan akwai buga sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai kawo ƙorafi. Bankuna kuma sukan nemi takardar shaidar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Wannan duk yana cin lokaci, shi ya sa ba a fara shi ana saura mako biyu azumi. Idan ƙungiyarku reshe ce ta wata babba mai rajista, irin Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a nan Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, to ku nemi izinin uwar ƙungiya a rubuce, ku bi tsarinta. Asusun ya kasance da masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. A ganina babu kuskuren da ya kai a ce wa jama'a su tura kuɗi asusun shugaba na kansa, ko da kuwa waliyyi ne, domin ranar da kuɗin makarantar 'ya'yansa ya cakuɗe da na marayu, shi kansa ba zai iya rantsuwa a kan wanne ne wanne ba, balle idan ta Allah ta kasance magada suka shigo.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne ya bambanta gidauniyar addini da sauran: rarrabe kuɗin tun daga shigowarsa. Zakka tana da masu ita, su takwas da aka jera a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a gina masallaci ko a yi wa ofis fenti da ita ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ana raba ta ne a inda aka fitar da ita, sai fa idan akwai waɗanda suka fi tsananin buƙata a wani wuri. Sadaka ta fi faɗi, amma idan mai ita ya ce ta marayu ce, to ta marayu ce, ba ka da ikon juya ta zuwa rijiya don kawai rijiyar ta fi burge ka. Wakafi kuwa ba a cin asalinsa, amfaninsa ake ci, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. Zakkar fidda kai tana da lokacinta, ana so ta isa hannun mabuƙaci kafin a yi sallar idi. Don haka rasit ɗinku ya kasance da gurbin da mai bayarwa zai faɗi wane iri ya bayar, littafin ma'aji kuma kowane iri da shafinsa, kuma kwamiti ya kasance da malami guda da ake komawa gare shi idan abu ya shige duhu. Mutane da yawa ma ba su san yadda za su lissafa zakkarsu ba, idan kuka iya zaunar da ɗan kasuwa kuka nuna masa cewa kashi 2.5 cikin ɗari ne na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara a hannunsa, kun yi masa hidimar da ba zai manta da ku ba. 'Yan'uwanmu Kirista da ke irin wannan aiki a Sabon Tasha ko Barnawa su ma ƙa'idar ɗaya ce: baikon da aka yi domin gwauraye da marayu ba ya shiga asusun ginin coci.

Na huɗu, lokaci. Kowa yana jiran azumi domin a nan zukata suka fi laushi, amma a nan ne kuma kayan abinci suka fi tsada, roƙo kuma ya fi yawa. Wanda ya san aikin yana fara tarawa tun da kaka, ya sayi masara a Saminaka ko a kasuwar Giwa lokacin da sabon hatsi ya cika kasuwa, ya adana a wurin da ƙwari da danshi ba za su ci rabonsu ba. A lokacin ne kuma manomi ke fitar da zakkar gona, ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar, ɗaya cikin ashirin idan ban ruwa aka yi da wahala, kuma ya fi masa sauƙi ya ba da buhu a kan ya ba da kuɗi. Ma'aikacin gwamnati kuwa a ƙarshen wata ake tuna masa.

Mataki na biyar shi ne roƙon kansa. Manyan masu bayarwa ba a aika musu saƙon WhatsApp, takawa ake yi har gida ko shago, mutum biyu, ɗaya daga ciki wanda suke jin nauyinsa, da takarda shafi ɗaya mai ɗauke da adadin gidaje da abin da ake nema da lambar asusu. A kasuwa, ko ta Sheikh Abubakar Gumi ko Panteka, ta hannun shugabannin 'yan kasuwa ake shiga, su ne za su ce a zo ranar kaza bayan azahar. Sanarwa a masallaci da gidajen rediyo tana biyo baya ne, idan an riga an samu abin da za a ce an fara da shi, domin mutane ba sa son zama na farkon jefawa a kwanon da babu komai. Kuma kada a raina masu ba da kaɗan a kai a kai. Mutum 200 da kowannensu ke ba da naira 1,000 duk wata sun fi attajiri ɗaya da sai ransa ya yi daɗi yake tunawa da ku.

Game da taron ƙaddamarwa, ina da abin faɗa daga abin da ya same mu. Wata shekara mun kama ɗakin taro, muka yi hayar kujeru da lasifika, muka gayyato babban mai ƙaddamarwa. Ya miƙe ya ambaci adadin da ya sa ɗakin ya ɗauki kabbara, mu kuma washegari muka je muka karɓo shinkafa bashi a kan wannan alƙawari. Wata huɗu muna sintiri a ƙofar gidansa, kullum maigadi ya ce Alhaji ya yi tafiya, ƙarshe sai 'yan kwamiti ne muka yi karo-karo muka biya mai shinkafa. Tun daga ranar muka buɗe shafi biyu, na alƙawari daban, na abin da ya shigo daban, kuma ba ma sayen komai sai da na biyun. Idan za a yi taron, a ajiye na'urar POS da mai rubuta rasit a bakin ƙofa, masu alƙawari kuma a bi su cikin mako guda tun abin yana da zafi.

Na shida, ƙirga. Kuɗin da aka tara a masallaci ba ya bin kowa gida. Ana idar da salla mutum uku su zauna a kan tabarma a gaban jama'ar da ba su watse ba, a juye akwatin, a ware 'yan dubu-dubu da 'yan ɗari biyar-biyar, a miƙe waɗanda suka cukurkuɗe, ɗaya ya ƙirga, na biyu ya maimaita, na uku ya rubuta, duka su sa hannu, a kai banki a ranar aiki ta farko. Wanda ya ji wannan kamar rashin yarda ne da shi, a tuna masa labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah (SAW) ya aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini, sai Annabi ya hau mimbari ya ce me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Kuɗin mai da na buga takardu kuwa a faɗe su a fili tun farko, a nemo su daga sadakar da ba a ƙayyade ba ko daga aljihun 'yan kwamiti.

Ranar rabo ita ce ake iya ɓata duk abin da aka gina. Kada a yi shela cewa za a raba abinci a wuri kaza, domin a watan Disamba na 2024 an yi asarar rayuka a turmutsitsin rabon kaya a Ibadan da Abuja da Okija. A ba kowane gida kati mai lamba, a raba su rukuni-rukuni da sa'o'i daban-daban, tsofaffi da masu takaba kuma a kai musu har gida bayan magariba. Hoton buhuna da rasit ɗin sayayya ya ishi mai bayarwa shaida. Ɗora kyamara a fuskar uwar marayu tana karɓar tiyar gero yana kusa da gori da cutarwar da aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta ce suna ɓata sadaka.

Mataki na ƙarshe shi ne rahoto, kuma kada ya wuce mako biyu bayan rabo. Shafi ɗaya ya isa: abin da ya shigo ta kowane fanni, abin da aka saya da farashinsa, adadin gidajen da suka samu ba tare da sunayensu ba, da abin da ya rage. A karanta shi bayan sallar Juma'a, a manna a allon masallaci, a kai wa manyan masu bayarwa nasu hannu da hannu tare da godiya. Idan an yi asara, kamar buhu biyu da ruwa ya taɓa, a rubuta ta yadda take. Ragowar zakka ba a ajiye ta jiran baɗi, a koma littafin sunaye a ba gidajen da ke biye, ragowar sadaka kuma kwamiti ya zauna ya yanke abin da za a yi da ita a rubuce. Daga nan magatakarda ya haɗa rasit da bayanan banki a fayil guda, domin da su za a cika rahoton shekara da CAC ke nema daga kowace ƙungiya mai rajista.