Yadda ake zaɓen dabino da adana shi ba tare da amfaninsa ya zube ba

Duk wanda ya shiga kasuwar dabino ta Madina zai tarar da Ajwa, Safawi, Mabrum da Anbara, ga Sukkari daga yankin Ƙasim, ga Khalas daga yankin Ahsa, duk a Saudiyya, kowane mai shago yana yabon nasa. Zaƙi dai kowanne yana da shi. Inda suke shan bamban shi ne sinadaran da itacen ke samarwa don kare 'ya'yansa daga zafin rana da ƙwari, wato fenolik da flabonoid da karotinoid, waɗanda ke taimaka wa jiki rage lalacewar ƙwayoyin halitta.

Fara duba launi. Galibi mai duhu, irin Ajwa da Safawi, ya fi yalwar fenolik. Sukkari kuwa sunansa ya faɗi halinsa: taushi da zaƙi, ya fi dacewa da gahawa.

Sai matakin nuna. Dabinon Barhi mai ruwan ɗorawa da ake ci yana ƙaras-ƙaras, shi ke ɗauke da karotinoid sosai, kuma ɗan baurin da ake ji a harshe tanin ne. Yana komawa rutab, wato nunanne mai laushi da danshi, daga nan busasshe, bauri ya tafi, karotinoid ya ragu. Don haka lokacin sabon dabino, wajen Agusta da Satumba, kada a tsaya kan busasshe kaɗai.

Kada ka ɓare fatar, kaso mai yawa na sinadaran da harzar da ke gyara ciki a nan suke. Ka wanke shi kawai lokacin da za ka ci. Wanda aka wanke aka ajiye da danshi, tsami yake yi.

A kula da mai sheƙi fiye da kima yana manne wa yatsa. Wasu kan shafa masa ruwan sukari. Tsaga guda biyu ko uku daga ƙasan kwali ka leƙa gefen ƙwallon, nan tsutsa ke ɓuya.

Zafi da haske su ne manyan maƙiyansa. Kwalin tsaraba da aka bari a bayan mota da ranar Makka ya yi asara tun kafin a kai filin jirgi. Rutab sai firij, in zai daɗe a sa a firiza. Busasshe a mazubi mai murfi, a wuri mai sanyi. Farin ɓurɓushi a ƙarƙashin fata sukari ne ya daskare, ba komai. Warin tsami ko funfuna kuwa, a zubar.

Giram 100 na da kalori kusan 280, kusan kashi biyu cikin uku sukari ne. Guda uku zuwa bakwai sun wadatar a yini. Mai ciwon suga ya tsaya kan biyu ko uku, ya haɗa da laban (wato nono) ko gyaɗa, ya riƙa gwada jininsa. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna, saboda dabino na da fotasiyam da yawa.