Masu asma da tsohon tari, a duba zuciya kafin a fara tirenin

Salam ƴan uwa, don Allah duk mai asma ko ciwon huhu da ya daɗe, ko wanda hayaƙin taba ko na icce ya taɓa mai ƙirji, kar ya tashi kawai ya bi ƴan zagayen filin wasa na Karkanda a Katsina da asuba sai likita ya duba mai zuciya tukunna. Ciwon huhu in ya daɗe yana wahalar da zuciya, kuma mutum zai ji haki ya ce ai asmata ce, alhali zuciya ce ke kuka.

Ku je asibitin koyarwa na tarayya ko janar, a auna hawan jini, a yi gwajin nan da ake manna wayoyi a ƙirji, a maƙala ɗan abin nan a yatsa a ga iskar jini, wani lokaci su sa ka tafiyar minti 6 suna lura. Ka faɗa masu in kana shaƙar maganin asma na Ventolin, don yana sa bugun zuciya sauri.

In an ba ka dama fara da tafiya a hankali, inhela a aljihu, ranar da ƙurar hunturu ta yi yawa yi a cikin gida. Ciwon ƙirji, jiri ko kumburin ƙafa kuwa, tsaya nan take a nufi asibiti.