Yadda za ka haɗa Windows da Linux a filashi ɗaya

'Yan uwa masu gyaran kwamfuta a Bauchi, don Allah a daina karɓar manhaja hannu da hannu, ta nan bairos ke shiga.

Da farko shiga ventoy.net da kanka ka sauke Ventoy, manhajar da ke ba ka damar haɗa Windows da Linux a filashi ɗaya, kyauta ne, duk shafin da ya ce sai ka biya to fita kawai. Sannan ka gwada lambar SHA-256 ta fayil ɗin (lambar da ke nuna ba a taɓa fayil ɗin ba) da wadda ke shafinsu, in ba su zo ɗaya ba goge shi.

Kwashe kayanka daga filashin tukuna saboda sa Ventoy a kai yana share komai. Bayan ka sa Ventoy a filashin, sai ka zuba fayilolin ISO (fayilolin da ake ɗora Windows ko Linux da su), Windows daga shafin Microsoft, Ubuntu, wani nau'in Linux, daga ubuntu.com. Saka filashin, kunna kwamfutar ka danna F9 in HP ce, F12 in Dell, ka zaɓi filashin, sannan ka zaɓi wanda kake so, Windows ko Ubuntu.