Yadda Ake Auna Tasirin Dandalin Bincike a Kan Arzikin Yanki

Mai son auna amfanin dandalin bincike, wato filin da ake ware wa kamfanoni da cibiyoyin binciken kimiyya da fasaha, ya fara da duba halin da yankin yake ciki kafin a kafa shi. Misali, Jihar North Carolina ta Amurka ta dogara ne da taba da masaƙu da kayan katako lokacin da aka kafa dandalin bincike na Research Triangle Park a 1959, tsakanin jami'ar Duke da ke birnin Durham da ta North Carolina da ke Chapel Hill da ta North Carolina State da ke Raleigh, kuma a wancan lokacin ɗaliban da suka kammala karatu ficewa suke yi zuwa wasu jihohi neman aiki.

Daga nan sai a bi sawun ɗaliban, a ga ko sun fara samun aiki a gida, wanda a ganina ya fi ƙirga gine-gine muhimmanci. Kada a yi gaggawar yanke hukunci, domin filin mai faɗin eka kusan 7,000 ya yi shekaru yana tafiyar hawainiya, sai a 1965 da kamfanin IBM ya shigo al'amura suka kankama. A kuma duba tsadar hayar gida da cunkoson motoci a Durham da Raleigh, da halin ƙauyukan nesa waɗanda arzikin bai kai gare su sosai ba.