Wasa wuƙa a Ingila: a cikin gida za ka yi abinka

A Kano ko Maraɗi, wuƙa ba ta zama damuwa. In ta dakushe, ko ka goga ta a dandamalin siminti, ko ka aiki yaro wajen maƙeri, ko ka jira mai wasa wuƙa ya biyo layi, musamman ana jajibirin Babbar Sallah. A Ingila da wuya ka ga mai biyo layi, kuma ɗaukar wuƙa ka fita da ita ba ƙaramin abu ba ne.

Dokar da aka yi a 1988 ta hana yawo da wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, kuma hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 4. Wadda aka yi wa sassauci ita ce 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, wadda bakinta bai wuce inci 3 ba, kuma ba ta kullewa in an buɗe ta, irin ƙananan wuƙaƙen kamfanin Victorinox. Mai kullewa, ko da ƙarama ce, ba ta cikin sassaucin. "Don kare kai" ba dalili ba ne a wajen ɗan sanda. Saboda haka, 'yan'uwa, shawarata ita ce a koyi washi a gida.

Da ka shiga shago ko intanet za ka tarar da na'urori kala-kala. Akwai wadda ake jan wuƙa ta cikin tsaga, mai araha. Tana da sauri, amma tana cin ƙarfe, kuma kaifinta ba ya daɗewa. Ga wuƙa mai sauƙin kuɗi ba laifi. Mai tsada kam ka raba ta da ita. Mai aiki da lantarki ta fi ta, sai dai tsada. Dogon ƙarfen nan da mahauta ke gogawa shi ma ba washi yake ba, miƙe bakin da ya lanƙwashe yake yi. Wuƙar da ta riga ta mutu ba zai tashe ta ba.

Ni dutse nake zaɓa wa mutum, mai fuska biyu. Za ka ga lambobi a jikinsa: ƙaramar lamba kaushi, babba laushi. Mai 1000 shi ne na ainihin aiki, mai 6000 na gogewar ƙarshe. Mai 400 sai in bakin ya yi giɓi. In kuɗinka na ɗaya ne, sayi mai 1000, ya wadatar da yankan albasa da nama.

Ka jiƙa dutsen a ruwa har ya daina kumfa, minti 10 ya isa. Ka ɗora shi kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Ka kwantar da wuƙar, ka ɗan ɗaga bayanta, kusurwar digiri 15 zuwa 20. Wuƙaƙen Japan sun fi son 15, na Turai 20. Duk sirrin yana wajen riƙe hannu a tsayi ɗaya daga gindi har tsini. Mai koyo ya shafa baƙar tawadar alƙalamin maka (marker) a bakin wuƙar: inda tawadar ta goge, nan dutse ke ci. Ka ci gaba da gefe ɗaya har sai yatsanka ya ji ɗan kaushi ya leƙo ta ɗaya gefen, kana shafawa daga baya zuwa baki, ba bin tsawonsa ba. Sannan ka juya. Mafi yawan masu cewa dutse bai yi musu ba, juyawa suke tun kaushin nan bai fito ba. In ka gama, gwada a tumatir: in ta shiga fatar ba tare da dannawa ba, ta yi. Wuƙar aljihu ma haka ake mata, ka dai share ta ka ɗiga mai a mahaɗinta.

Kafin dutse ya iso, kife kofin tangaran, zoben gindinsa mara sheƙi yana ɗan taimakawa. Amma kada ka goga a bakin taga ko dakalin ƙofar gidan haya. Mai gida zai cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarka ranar tashi.

Abin da ke kashe wuƙa a nan ya bambanta da na gida. Faifan yanka na gilashi yana dakusar da ita nan take, nemi na katako ko roba. Injin wanke-wanke ma haka, wanke ta da hannu ka goge. Babban mai laifin dai naman firiza ne da ƙashi. Mu masu son ƙafar sa da kan rago ne, kuma wuƙar kicin ba don sara aka yi ta ba. Tun da yankan layya a nan sai a mayankar da hukuma ta amince da ita, naman daga mahauci zai zo maka. Ka roƙe shi ya daddatsa ƙashin da zarton injinsa tun a shago, yawancinsu ba sa ƙi.

In kuma za ka taho da wuƙa daga gida, saka ta a babban akwatin da za a auna, kada ta shiga jakar hannu.