Yadda ake koyon haɗa tagogin manhajar kwamfuta daga littafi

Kafin ka biya kuɗin littafi, ko ka kai filash a buga maka shi a takarda, buɗe shafukan farko ka duba shekarar da aka wallafa shi da sigar kayan aikin da yake koyarwa. Ɗalibai kan zo shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, wasu daga jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, wasu daga kwalejin Hassan Usman, su nuna min littafin da aboki ya tura musu a waya, su ce sun kwafi misalin harafi da harafi amma ya ƙi tashi. Sau da yawa ba kansu ne ba ya ja ba, littafin ne ya tsufa.

Ga yadda ake ganewa. Idan na harshen kwamfuta Python ne kuma ka ga an rubuta print ba baka biyu, ko Tkinter (kayan haɗa taga na Python) da babban T a layin import, to na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020. Ajiye shi. Idan na Qt ne, wato wani kayan haɗa tagar daban, ka sani Qt 5 ya fito a 2012, Qt 6 kuma a Disambar 2020. Littafin PyQt5, wato Qt 5 na masu Python, bai mutu ba, sai dai ka girka PyQt5 ɗin da ya ambata, kada ka ce bari ka ɗauko sabo. A na 6 an kwashe QAction daga QtWidgets an kai shi QtGui, exec_ kuma ya koma exec a PyQt6, kuma waɗannan biyun kaɗai sun isa su hana misalin farko tashi.

Ni dai Tkinter nake cewa a fara da shi. Yana zuwa tare da Python a Windows, ba sai ka ƙona data ba, kuma layi biyar sun isa taga ta bayyana. Tushensa Tk ne, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991, shi ya sa wasu ke raina kamanninsa. Su je su duba babin ttk, ɓangarensa mai kamannin zamani. Qt, wanda wasu 'yan Norway biyu suka fara a shekarar 1991 ɗin, ya fi shi kyau da yawan kaya, da shi aka gina fuskar VLC da Telegram na kwamfuta, amma ya fi daɗin shiga in ka riga ka san yadda taga ke rayuwa.

To, littafi ya samu. Kada ka karanta shi a kwance. Buɗe shi a gefe, kwamfuta a gaba, ka buga kowane misali da yatsunka ko da marubucin ya ba da wurin sauke kod ɗin gaba ɗaya. In ya yi aiki, ɓata shi da gangan: cire layi ɗaya, sake kunnawa, karanta jan rubutun da ya fito daga ƙasa zuwa sama, domin layin ƙarshe shi ke faɗin ainihin laifin. Ka rubuta shi a ƙaramin littafinka tare da abin da ya jawo shi. Wannan littafin na hannu yana da ranarsa idan an ɗauke wuta batir kuma ya yi ƙasa, lokacin ne za ka zana tagar gobe da biro.

Wurin da ya kamata ka daɗe shi ne babin mainloop, ko app.exec a Qt. Marubuta da yawa suna wuce shi da sakin layi ɗaya, alhali duk sauran littafin a kansa yake tsaye. Shirye-shiryen da ka saba rubutawa a aji suna farawa daga sama su gangara ƙasa su ƙare. Manhaja mai taga ba haka take ba. Kamar mai shago ce shi kaɗai ba yaro: ya jera kaya, ya zauna yana jira, wanda ya shigo ya sallame shi, ya koma jira. Danna maɓalli, motsa linzami (mouse), buga harafi, har sake zana tagar da aka rufe aka buɗe, duk layi ɗaya suke bi zuwa wurinsa. In wani ya riƙe shi, kowa ya tsaya. Shi ya sa in ka sa time.sleep ko wani dogon lissafi a bayan maɓalli, tagar ke sandarewa har Windows ta ce ba ta amsawa. Maganin ƙaramin jira shi ne after a Tkinter ko QTimer a Qt. Aiki mai nauyi kuwa a ba shi zarensa (thread) daban, wato ya riƙa gudana a gefe, da sharaɗin zaren nan ba zai taɓa taga da kansa ba, saƙo zai aiko.

Daga nan ne ma za ka fahimci kuskuren da kusan kowa ke yi a makon farko. An rubuta command=ajiye(), da baka biyu, sai aikin ya gudana nan take tun kafin taga ta fito, a danna maɓalli kuma shiru. Abin da ake so command=ajiye, wato ka miƙa sunan aikin, a kira shi in lokacinsa ya yi.

Babin tsara wuri shi ne na biyu a daraja. A Tkinter akwai hanyoyi uku na jera abubuwa a taga: pack da grid da place. Sabon shiga yana son place saboda yana sa abu daidai inda aka nuna, amma ranar da aka buɗe manhajar a allon da girmansa ya bambanta, sai ka ga maɓalli ya hau kan rubutu. Koyi grid sosai, kuma kada ka haɗa shi da pack a cikin firam ɗaya, wato sashe ɗaya na taga, Tkinter ba ya yarda. Babin zane-zane da na jerin duk launuka, leƙa ka wuce, za ka dawo in buƙata ta kawo ka. Abu ɗaya kawai ka riƙe daga babin hotuna: in ka ɗora PhotoImage a cikin wani aiki ba ka adana shi a wani suna mai ɗorewa ba, Python zai share shi, wurin hoton ya fito fayau ba tare da ko saƙon kuskure ba.

Tun daga babi na uku ka samo aikinka na kanka, ka riƙa tafiya da shi kafaɗa da kafaɗa da na littafin. Misalan marubuta kalkuleta ne da jerin fina-finai. Kai je Babbar Kasuwa wurin mai hatsi, ka gaishe shi, ka ce, "Alhaji, don Allah in ga yadda kuke rubuta bashi." Za ka ga suna, buhu nawa ko tiya nawa, gero ko masara, abin da aka bayar da abin da ya saura. Tagarka ke nan. In littafi ya koya akwatin rubutu, yi na sunan mai karɓa. In ya koya tebur, jera masu bashi. In ya zo kan adana bayanai, ɗauki sqlite3, shi ma yana cikin Python. Kuɗi kuma ka ajiye su a cikakkiyar lamba, naira ko kwabo, domin lamba mai ɗigo tana kawo ɗan saɓani a lissafi: buga 0.1 + 0.2 ka gani da idonka.

Akwai abin da littafin da aka rubuta a Amurka ko Ingila ba zai tuna maka ba. Ranar da ka adana suna irin Ɗanjuma ko Ƙanƙara a fayil, Windows na iya jefo maka UnicodeEncodeError, saboda tsarin haruffan da take ɗauka in ba a faɗa mata ba bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Duk inda ka rubuta open, ƙara encoding="utf-8". Ka kuma gwada fon ɗin da ka zaɓa da waɗannan haruffa, wasu ɗan akwati suke nunawa a madadinsu.

In tagar ta fara kama jiki, kai wa Alhajin ko yaron shagonsa, ka zauna a gefe ka kame bakinka. Inda hannunsa ya tsaya yana neman abin dannawa, rubuta. Galibi za a ce rubutun ya yi ƙanana, kuma za ka lura mai sauri ba ya son linzami, Tab da Enter yake so, don haka jerin da Tab ke bi daga akwati zuwa akwati ya dace da jerin da ake rubutawa a littafin bashi.

Saura miƙa aiki. PyInstaller zai dunƙule maka komai ya zama fayil na exe, irin wanda ake dannawa manhaja ta tashi, amma na Windows a kan Windows ake haɗa shi. Kuma tambayi kwamfutar da za ta karɓa tun kafin ka yi nisa, domin har yanzu akwai shagunan da ke kan Windows 7. Python 3.8 ne na ƙarshe da ke tafiya a kanta, Qt 6 kuma ba ya hawa sam. In irin ta ce a shagon, da 3.8 da Tkinter ko PyQt5 za ka gina, ka kuma gwada exe ɗin a wata kwamfutar da ba a taɓa girka Python a cikinta ba kafin ka hau Keke Napep zuwa kasuwa.