Kurakuran da ke kashe tauraron labari a hirar AI

Tun da Character.AI ta buɗe wa jama'a ƙofa a 2022, marubutanmu suka fara ɗora taurarin labaransu a manhajoji irin wannan don su yi hira da su. Kusan duk wanda ya turo min nasa in duba, ciwon ɗaya ne, har bakina ya gaji da maimaita magana.

Babbar matsalar ita ce jera sifofi. "Malam Sani dillalin shanu ne, mai wayo, marowaci, mai saurin fushi." Na'urar ba ta san irin rowar Malam Sani ba, don haka sai ta koma ga halinta na asali, na ladabi da son taimako. Wannan kuskuren ya ci min mako uku. Na gina dillalin nan a kasuwar shanu ta Wudil, na cika shafi biyu da tarihinsa: kakansa, matansa biyu, bashin da ake bin sa. Na buɗe hira na yi sallama, na ce nawa bijimin nan. Sai ya ce yana farin cikin taimaka min, nan take ya yanka min farashi. Dillali fa! Wane dillali ne zai faɗi kuɗi bai ce maka "taya" ba? Ranar raina ya ɓaci sosai. Na goge rabin tarihin, na rubuta maganganu biyar da bakinsa, irin su: "Albarka. Ko kuɗin igiyarsa ba ka kai ba, Alhaji." Na ƙara cewa sai ya kalli takalmin mai saye kafin ya buɗe baki. Daga nan ya zama mutum. Yanzu ba na rubuta sifa ko ɗaya sai na haɗa ta da abin da yake yi ko yake faɗi.

Saƙon farko kuwa, wato wanda kake rubuta wa tauraron ya buɗe hira da shi, nan ne kuke ba ni haushi. Na'urar daga shi take kwaikwayon tsawo da salo. Ka rubuta "ka shigo kara gabanka yana faɗuwa, ka durƙusa ka gaishe shi", kai da hannunka ka koya mata ta riƙa magana da yawunka. Gobe ka zo kana kuka wai ta ƙwace maka baki. Wa ya ba ta? Rubuta abin da tauraron kaɗai ya yi, ka tsaya a inda dole ɗayan ya amsa.

Sai cusa komai a bayanin tauraro. Bayanin nan ana sake tura wa na'urar shi duk lokacin da ka yi magana, kuma abin da take iya riƙewa yana da iyaka, ga Hausa ta fi Turanci cin wuri. Bayani ya yi tsawo, tsohuwar hira ce ke zubewa. A SillyTavern, wata manhajar hira da taurari, akwai sashen World Info, inda bayani ba ya fitowa sai an ambaci kalmar da ka ɗaura masa. Can na mayar da kakan Malam Sani.

Sauran ƙanana ne. Ka faɗi ko mai hirar namiji ne ko mace, in ba haka ba "kai" da "ke" za su cakuɗe. Ka rubuta bayanin da Hausa in Hausa kake so ya yi. Ka ba shi wata buƙata ta yau, kamar dole ya sayar da bijimin kafin la'asar saboda mai bashi na tafe. In kuma ya yi amsar banza, gyara ta ko ka sa ya sake tun kafin ka ci gaba, domin duk abin da ka bari a hirar shi zai ɗauka a matsayin halinsa.